Jitar da Ta Bi ta Sakkwato: Sharhi a kan Ƙungiyar Mdou Moctar

Duk wanda ya saba zama a kasuwar Wara, ko a bakin tashar jiragen ruwa ta Yauri, ya san rumfar masu cajin waya da tura waƙa. Ka miƙa memorinka, yaron ya tambaye ka wanne za a zuba maka: na Hausa, na Indiya, wa'azi, ko na Buzaye. Wannan na ƙarshen yawanci ba ya zuwa da sunan mawaƙi ko sunan waƙa, sai lambobi kawai a jere. Masu nemansa su ne Abzinawan da ke zaune cikinmu, masu gadi da masu tallar magani da 'yan ci-rani, waɗanda za ka tarar da dare sun kewaye butar shayi a kan gawayi, waya tana gefe tana fitar da kukan jita da tafi. Na shekara da shekaru ina wucewa ta gefen wannan kiɗa ina jin daɗinsa, kafin in san cewa ɗaya daga cikin masu shi ya kai ga cika manyan zaurukan Amurka da Turai, kuma faifansa na farko a Sakkwato aka naɗe shi, a irin situdiyon da 'yan nanayenmu ke shiga.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, amma duniya ta san shi da Mdou Moctar, sunan da ya koma na ƙungiyar gaba ɗaya. Su huɗu ne suka yi fice tare: shi da babbar jita da waƙa, Ahmoudou Madassane da jitar da ke riƙe kari, Souleymane Ibrahim a kan ganguna, sai Mikey Coltun, Ba'amurke mai jitar bes, wanda kuma shi ke haɗa musu faifai. Abin da ya dame ni game da su tambaya ce mai baki biyu. Ta yaya kiɗan bikin ƙauye daga jihar Tawa ya kai inda ya kai? Kuma me ya sa mu a wannan gefen iyaka, da gogenmu da gurminmu da kukumarmu da kalangunmu, ba mu da ƙungiya irinta?

Turawa suna da suna ga irin wannan haɗi, suna ce masa folk rock, wato a ɗauki waƙar gargajiya a ɗora ta a kan jitar lantarki da gangunan zamani. A wajensu abin ya yi ƙarfi ne a tsakiyar shekarun 1960. Da Bob Dylan ya hau dandalin bikin Newport a 1965 da jitar lantarki, wasu daga cikin masu kallo ihu suka yi masa, suna ganin ya ci amanar gargajiya. Na kawo wannan ne don a san cewa gardamar “an ɓata mana kiɗan iyaye” ta riga mu, kuma kowace al'umma takan yi tata.

Kiɗan jitar Abzinawa da wahala ya fara. Farin 1973 da na 1984 sun ƙarar da dabbobi, samari suka bazu Aljeriya da Libiya neman abin kai wa baka. Aka riƙa kiransu ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. A cikinsu ne Ibrahim Ag Alhabib da abokansa suka haɗu a Tamanrasset a ƙarshen shekarun 1970, suka zama ƙungiyar Tinariwen ta ƙasar Mali, wadda ta ci kyautar Grammy a 2012 da faifanta Tassili. A Nijar kuwa jagoran wannan hanya shi ne Abdallah ag Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020. Bayan kisan da sojoji suka yi wa Abzinawa fararen hula a Tchintabaraden a watan Mayun 1990, tawaye ya ɓarke har zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, kuma a tsawon waɗannan shekaru kaset ɗin jita shi ne jaridar 'yan tawaye da wasiƙarsu, ana kwafarsa hannu da hannu, ana ɓoye shi daga hukuma. Su kansu suna kiran kiɗan da assuf, wato kewa da begen gida.

A cikin wannan ƙura aka haifi Mdou, a yankin Azawak na jihar Tawa, a tsakiyar shekarun 1980. Gidansu gidan addini ne da ba ya son kiɗa, labarin da kowane ɗan Bahaushe zai gane ba sai an yi masa bayani ba. Ganin Oumbadougou yana wasa ne ya sa masa sha'awa. Da bai sami jita ba, sai ya sassaƙa tasa da katako, ya ɗaura mata wayoyin birkin keke a matsayin tsirkiya. Yaran bakin tafkin nan na Kainji da ke haɗa molo da gwangwanin madara da zaren koma sun san wannan sana'a. Shi bahago ne, da hagu yake kaɗawa, kuma ya je Libiya neman aiki kamar sauran sa'o'insa kafin ya dawo ya rungumi kiɗa gadan-gadan.

Wurin da labarin ya shafe mu kai tsaye shi ne 2008. A shekarar ya zo Sakkwato ya naɗi faifan Anar. Mai aikin situdiyo ya yi masa abin da ake yi wa kowane mawaƙin fim na Hausa a lokacin: kari daga na'ura, murya kuma a bi da ita ta manhajar nan mai lanƙwasa ta har ta yi santsi kamar ta ƙarfe. Sai dai a ƙarƙashin wannan duka akwai jitar katako da harshen Tamashek. Ba a kai faifan kasuwa yadda aka saba ba. Waƙoƙin sun bi hanyar da rumfunan Wara suka sani, daga memori zuwa memori, daga waya zuwa waya ta Bluetooth, har suka ƙetara zuwa arewacin Mali. A Kidal ne wani Ba'amurke daga Portland mai suna Christopher Kirkley, wanda ke tattara waƙoƙin cikin wayoyin mutane, ya ci karo da wata mai suna Tahoultine, ya sa ta cikin tarin da kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar da sunan Music from Saharan Cellphones. Sai da ya sha nema kafin ya gano mai waƙar, kuma da ya zo Nijar ya taho masa da jitar lantarki ta bahago. Wannan kamfani ne kuma ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So a 2013, abin da ke nuna cewa kunnen da ya ji Mdou ya ji namu ma.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin da ya fi ɗaukar hankalina. Mutumin da na'ura ta fito da shi bai zauna a cikin na'urar ba. Faifansa na gaba, Afelan na 2013, a Tchintabaraden aka ɗauke shi, kai tsaye daga hannun makaɗa, rabi da jitar katako a natse, rabi da ta lantarki irin ta filin biki, har kana jin lasifika tana kukan an fi ƙarfinta. A 2015 ya fito a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai da aka shirya a Agadas, wanda aka gina a kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince. Sunan ya yi tsawo ne don masu fim ɗin sun ce Tamashek ba ta da kalma guda ta launin da mu muke kira shunayya, sai suka ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Daga baya sai Ilana a 2019, wanda aka naɗa a Detroit da cikakkiyar ƙungiya, sannan Afrique Victime a 2021 a ƙarƙashin kamfanin Matador na New York, faifan da ya sa manyan jaridun Amurka da Ingila suka fara jera sunansa cikin gwanayen jita na wannan zamani.

Masu sharhin Turai sukan kwatanta shi da Jimi Hendrix ko Eddie Van Halen, saboda saurin yatsa da yadda yake sa jita ta yi ruri. Kunnen da ya tashi a ƙasar Hausa wani abu daban yake ji. Waƙoƙin yawanci a kan muryoyi biyar suke tafiya, kamar yawancin kiɗanmu, kuma akwai tsirkiya guda da ake bari tana gurnani a ƙasa ba ta canzawa, sauran suna yawo a kanta suna dawowa. Haka mai gurmi yake yi, haka mai garaya. Ba ya amfani da ɗan robar da Turawa ke kaɗa jita da shi, da yatsa yake sharɓar tsirkiya, kamar mai molo. Karin kuwa daga gida ya fito. Akwai tende, turmin daka da mata ke rufewa da fata su mai da shi ganga, ana tafi ana amshi. Akwai takamba, kiɗan molo mai tsirkiya uku da ƙwarya, wanda Abzinawa da Songhai suka yi tarayya a kansa, mai tafiyar rangaji kamar ta raƙumi. Souleymane Ibrahim ya kwashe waɗannan ya zuba a gangunan zamani. Sannan akwai ɗabi'ar da duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin kalangu ya sani: a fara a hankali, a riƙa ƙara wuta kaɗan-kaɗan, har masu rawa su kai inda ƙafa ke gaba da tunani. A faifan Turawa ana ɗaure kari da agogo don kada ya motsa. Su waɗannan da gangan suke barinsa ya gudu, don a bikin aure na Agadas, a fili, da janareta da ƙura, haka ake yi. A can suka koyi sana'ar, kuma har bayan sun yi suna sun ci gaba da kiɗan biki idan suna gida.

Ba su kaɗai ba ne. Bombino na Agadas ya riga su fita, kuma faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy. Akwai Etran de l'Aïr, 'yan gida ɗaya masu kiɗan biki, da Les Filles de Illighadad, inda Fatou Seidi Ghali ta ɗauki jitar da aka saba gani a hannun maza.

Game da abin da suke faɗa, Mdou ya fara da soyayya da bege, ya ƙare da siyasa tsirara. Faifan Funeral for Justice na watan Mayun 2024 yana da waƙar da ta kira Faransa da sunanta, da wata mai suna Imouhar da ke roƙon Abzinawa su riƙe harshensu kada ya salwanta. Maganar da ya fi nanatawa a hirarrakinsa ita ce ta yuraniyom. Tun 1971 ake haƙarsa a Arlit, kamfanin Faransa ya shekara da shekaru yana kwasa ana kunna fitilun Turai, alhali yawancin ƙauyukan Nijar cikin duhu suke kwana. Ban san wanda ya fi mutumin Ngaski, a nan bakin tafkin Kainji, cancantar fahimtar wannan kuka ba. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Bussa da gungu-gungu da gonakin fadama, aka tayar da sama da mutum 40,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari da Lopawa da Sarkawa na ƙasar Yauri. Wutar ta tafi birane, har ta ƙetara iyaka ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, amma har yau akwai ƙauyukan bakin tafkin da fitilar waya ce haskensu. Ko da ba ka jin Tamashek, idan aka gaya maka abin da waƙar ke cewa, za ka ji kamar da kai ake.

Wani zai ce ai wannan kiɗan Abzinawa ne, jita ta dace da su, ba ta dace da Hausa ba. Ƙungiyar Tal National ta Yamai ta isa amsa. Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, wanda ya yi alƙalanci a kotu, kuma tsohon ɗan ƙwallo ne, shi ya kafa ta a 2000. Ta haɗa Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Abzinawa, tana waƙa da harsunansu, kuma kalangu yana zaune daram a tsakiyar jitoci da ganguna. An san su da yin wasa dare biyar a mako, sa'o'i biyar a jere, da sayar da faifansu da kansu a shataletalen birni. Kamfanin FatCat na Ingila ya fitar musu da Kaani a 2013, Zoy Zoy a 2015, da Tantabara a 2018, sunan da Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa. Kafin su akwai Mamar Kassey ta Yacouba Moumouni, mai busa sarewa, tun 1995, wadda ta tsiro daga cibiyar koyar da kiɗa ta gwamnati da ke Yamai mai sunan Alhaji Taya. A nan gida ma an gwada. Bala Miller ya yi waƙar Hausa da cikakken ban a Kaduna, Sani Ɗan Indo ya haɗa kuntigi da kayan zamani. Hanyar dai ba ta sami magada ba.

Ina ganin dalilin farko yana cikin yadda muke sauraro. A wajen Bahaushe kiɗa bawan waƙa ne. Idan aka sa Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ko Shata, ko namu na Yauri, Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani, kunne yana wajen kalma: kirari, zambo, habaici, wa aka kira, wa aka taɓa. Ganga tana riƙe hanya ne kawai, 'yan amshi suna ba ubangida numfashi. Wannan babbar baiwa ce, kuma ita ta sa waƙar Hausa ta yi zurfin da ta yi. Amma tana da tsada: da aka sami abin da zai riƙe hanyar a farashi mai sauƙi, ba mu ji zafin sallamar makaɗan ba. A ƙarshen shekarun 1990, da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano tare da bunƙasar finafinai, mutum ɗaya ya maye gurbin mutum shida. Mawaƙi ba ya bukatar ciyar da ƙungiya, ko ɗaukar mota, ko sasanta rikicin rabon kuɗi. A wajen biki ma sai a sa faifai ya riƙa bin muryarsa. Ta fuskar aljihu babu mai ganin laifinsa.

Na biyu shi ne matsayin makaɗi. A al'adarmu kiɗa gado ne, kuma ana yi masa kallon roƙo. Ɗan makaɗi da ya yi boko yakan gudu daga gangar ubansa, ɗan da ba na gidan kiɗa ba kuwa ba ya kusantarta. Abzinawa su ma suna da nasu masu sana'ar gado, amma jita ta shigo musu ta wata ƙofa dabam, a hannun 'yan gudun hijira da 'yan tawaye, don haka ta zo da martabar jarumta, kowane saurayi yana iya ɗaukarta ba tare da an ce ya zubar da girman gidansu ba. A wajenmu fiyano da kwamfuta ne suka sami wannan 'yanci. Yaro yana iya cewa shi mawaƙi ne ko furodusa, amma da wuya ya yarda a kira shi mai goge. Garba Supa da Ahmadu Doka da Hassan Wayam da Haruna Uji da Ɗanmaraya Jos duk sun tafi, kuma idan ka nemi matasan da suka kai rabin hannunsu a kan tsirkiya, yatsun hannu ɗaya sun ishe ka ƙirga.

Dole kuma a faɗi gaskiya ta ɗaya ɓangaren. Yabon Turawa ba shi ne ma'aunin kiɗa ba. Kasuwarsu tana son jita don ta saba da ita, tana kuma son hoton rawani da hamada, kuma yawancin masu tafa wa Mdou a can ba su san abin da yake cewa ba. A Yauri ko Birnin Kebbi, har ma a Maraɗi da Damagaram, Hamisu Breaker da Ali Jita da Rarara sun fi shi masu sauraro nesa ba kusa ba, kuma waƙar da miliyoyin mutane ke ji da harshensu ba ta bukatar hatimin kowa. Nanaye ta yi wa Hausa aikin da ba a taɓa yi mata ba wajen yaɗuwa. Damuwata a kan hannu take. Waƙar da aka haɗa a kwamfuta tana nan yadda aka bar ta, ba ta jin masu rawa, ba ta ƙara wuta idan fili ya ɗauka, ba ta sassautawa idan amarya ta fito. Wannan sani a jikin makaɗi yake zaune, kuma idan ya mutu bai koya wa kowa ba, babu memorin da zai dawo da shi. A ranar Rigata a Yauri, ko a dandalin kokawar Gungawa bayan kaka, ana ganin saura. Akwai karin da ba a ji a Kano ko Zariya, na mutanen ruwa da na Kambari, wanda ban taɓa jin wani ya ɗora shi a kan jita ko ya shigar da shi situdiyo da masu shi ba. Abin da Mdou ya fara da shi bai kai wannan yawa ba. Yau kuma ƙaramin faranti mai amfani da hasken rana da batir ɗaya sun isa su tayar da lasifika a kowane gungu.

Ranar 26 ga Yulin 2023, da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ƙungiyar tana tsakiyar rangadi a Amurka. Aka rufe iyakoki da sararin sama, 'yan Nijar ukun suka maƙale a can, iyalansu suna gida. A makonnin ne Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar saboda takunkumin ECOWAS, Yamai ta shiga duhu, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. A wannan zaman jiran ne suka shiga wani situdiyo a Brooklyn, suka ajiye jitocin lantarki, suka sake kaɗa waƙoƙin Funeral for Justice, wanda a lokacin bai fito ba tukuna, da jitar katako da kiɗan hannu, a zaune, kamar yadda ake yi a gindin tanti. Shi ne faifan Tears of Injustice da ya fito a farkon 2025, kuma a cikin duk ayyukansu shi na fi komawa gare shi.

Kwanan baya na sa shi a waya a bakin ruwa, kusa da wani dattijo da ke ɗinkin koma. Ya daɗe bai ce komai ba, allurarsa tana tafiya, sai na lura ƙafarsa ta kama karin. Da waƙar ta ƙare ya ɗago ya ce, “Yaro, mai molon nan ɗan wane gari ne?” Na ce, “Baba, Ba'abzine ne, daga wajen Tawa.” Ya gyaɗa kai ya ce in maido ta daga farko.